Tuffa mai zaƙi da mai tsami: wacce ta baki, wacce ta tukunya?

Tun ranar da muka taɓo zancen tuffa a filinmu na girke-girke, waya ba ta huta ba. Wata baiwar Allah mai sana'ar gato a Akokan ta ce ta sayi kilo biyu na tuffa ja mai sheƙi don gaton suna, ta fere, ta jera a kan ƙullu, da ta buɗe tukunya sai ta tarar tuffar ta sake ruwa, tsakiyar gaton bai gasu ba, zaƙi kuma ya yi yawa har yana gundurar baki. Ƙwai ya tafi, fulawa ta tafi, gawayi ya ƙone a banza, ga masu suna suna jira. Wani ɗan uwa kuma ya aiko da saƙo daga Liyon ta Faransa, ya ce a can iri ya fi goma a kanti guda, in maiɗakinsa ta aike shi sai ya tsaya yana kallo kamar baƙo. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta bayanin a nan ya zauna, wanda shirin ya wuce shi ya karanta, ko a karanta masa.

Farko dai suna. Tuffa ita ce abin da mafi yawanmu a nan muke kira pom, daga Faransanci. Kada a haɗa ta da dankalin turawa na Bagzam, wanda shi ma sunansa na Faransanci da pom ya fara. An sha aiken yaro pom ya dawo da dankali.

Baƙuwa ce mai doguwar tafiya

Asalin itacen tuffa daga tsaunukan tsakiyar Asiya yake, wajajen Kazakistan, inda har yau ake samun ta daji kusa da birnin Almati. Itace ne mai son sanyi. Yawancin irinsa sai ya sha awanni ɗaruruwa, wani ma sama da 1000, na sanyin da bai kai digiri 7 ba, kafin ya yi fure yadda ya kamata. Darinmu na Disamba da Janairu yana cizo da dare, amma da hantsi ya ɗaga ya tafi. Akwai iri kaɗan da ke haƙuri da ƙaramin sanyi, kamar Anna da ake nomawa a Masar. Amma tuffar da kuke gani a kwali a kasuwar Arlit, ko Cirozerin, ko Agadas, daga nesa ta fito. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomanta, kusan rabin ta duniya a can ake cirewa. Kusa da mu kuwa, Aljeriya na noma ta a tsaunukan Batna da Kenshela, Maroko a yankin Midelt, sai Afirka ta Kudu da Faransa masu fitar da ita ta jirgin ruwa.

Ku dubi hanyar. Wadda ta biyo ta arewa sai ta ratsa Tamanrasat, In Gezam da Asamaka, sannan ta ƙara kimanin kilomita 200 na rairayi kafin Arlit. Wadda ta biyo ta kudu, daga Yamai kaɗai kusan kilomita 1200 ne ta Tawa da Agadas, kuma duk mai bin hanyar nan ya san yadda take jijjiga kaya. Kowane rami da kamiyo ya faɗa, akwai tuffar da ta bugu a cikin kwali, ko da ba a ga tabon a ranar ba.

Dattawan da suka yi aikin kuku a gidajen Turawa, lokacin da Somair ta fara fitar da uraniyum a 1971, Cominak kuma ta biyo baya a 1978, su ne suka fi kowa sanin gasa tuffa a garin nan. Zamanin da ake kiran Arlit Paris ta biyu ke nan. Cominak ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, gidaje da yawa sun koma dogaro da ƴar sana'ar uwargida: gato, yawur, fanke, lemun roba. Ga mai irin wannan sana'a, kilon tuffa da ya lalace jari ne ya karye.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: tuffa tana da kaka biyu a shekara. Ƙasashen arewa, wato Aljeriya, Maroko da Faransa, suna cire tasu daga Agusta zuwa Oktoba. Afirka ta Kudu kuma daga wajen Fabrairu zuwa Mayu. Sauran watanni, daga ɗakunan sanyi ake fito da ita, inda take iya yin watanni da yawa. To, tuffar Maroko da ka saya a watan Mayu ta kwana biyu sosai, alhali ta Afirka ta Kudu a lokacin sabuwa ce. In ka saya a Nuwamba, lissafin ya juya. A jikin kwali ana rubuta ƙasar da ta fito da sunan irin. Ka roƙi mai kaya ya juyo maka kwalin, ba laifi ba ne.

Abin da wuta ke yi mata

Abu uku ke cikin tuffa da suka shafi mai girki. Akwai sukari, akwai tsami, akwai kuma wani sinadari mai kama da ƙaro da ke manne naman tuffa wuri guda, masana na ce masa fektin. Sauran kusan duk ruwa ne, wajen kashi 85 cikin 100.

In tuffa ta ji wuta, ruwanta na fita, ƙamshinta na ɗanye na raguwa, ga kuma sukarin da aka zuba a ƙullu ya haɗu da nata. Mai zaƙi zalla ba ta da abin da za ta tsaya da shi, sai ka ji zaƙi a kan zaƙi, ba ɗanɗanon tuffa. Mai tsami kuwa, wadda in ka gatsa ɗanya sai ka runtse ido, ita ce sukari ke gyarawa. Tsamin ya sauko, ɗanɗanon ya rage a baki. Uwargida ai ta san wannan tun daga kunun tsamiya: in ba tsamiyar, sukari da gasara kaɗai ba su yin kunun da za a ƙara.

Maganar narkewa ma ba sabuwa ba ce a madafinmu. Kun san in aka sa wa wake kanwa yana saurin nuna, in kuma aka riga aka zuba tumatir ko ruwan tsamiya sai ya ƙi laushi. Dalili ɗaya ne. Kanwa na kwance wannan ƙaron, tsami na riƙe shi. Shi ya sa tuffa mai tsami da tauri takan fito daga wuta da yankanta a tsaye, mai zaƙi da ta fara tsufa kuma ta dagargaje. Kuma tsamin tuffa raguwa yake yi in ta daɗe a ajiye, namanta ya koma gari-gari a baki. Irin wannan ce ta ci amanar baiwar Allah ta Akokan.

Sai dai a yi hattara, tsami kaɗai ba ya tabbatar da tauri. A Ingila akwai wata koriyar tuffa babba mai suna Bramley, wadda aka fara shuka ta a 1809, tsaminta ya fi na kowacce da muka sani a nan, amma da ta ji wuta sai ta zama kamar fate. Su Ingilishi don haka ma suke son ta. Ke nan tambaya biyu ce mai saye zai yi wa kansa: yaya ɗanɗanonta, kuma yaya ƙarfin jikinta.

Irin da aka fi gani

Koriya shar mai sheƙi, mai tauri kamar dutse, ita ce Granny Smith. An samo ta a Ostireliya a 1868, a gonar wata tsohuwa mai suna Maria Ann Smith kusa da Sidni. Ita ce sarauniyar tukunya a cikin abin da ke iso mana. Tana jure tafiya, tana jure wuta, ba ta saurin yin baƙi in an yanka. Yara ba su cika son ta ɗanya ba, shi ya sa wani lokaci takan kwana a gaban mai kaya alhali jar ta ƙare. In akwai ƴar takarda manne a jikinta mai lamba 4017, to ita ce.

Mai ruwan ɗorawa, wani lokaci da ɗan kore-kore da ƙananan ɗigo a fata, ita ce Golden, ƴar Amurka. Nan ne mutane ke ruɗewa, su ga kore su zaci tsami. Golden mai zaƙi ce, tsaminta kaɗan. Amma in sabuwa ce mai ƙarfi tana gasuwa da kyau, tana yin laushi ba tare da ta watse ba, kuma da ita gidaje da yawa a Faransa ke yin tart. Aibinta fatarta siririya ce, ba ta son bugu, tana saurin yaushi a zafinmu.

Ja wur mai duhu, doguwa, mai ƙusoshi biyar a gindi, ita ce Red Delicious. Ta fi kowacce kyau a faranti, ita ake saya a kai wa mara lafiya ko a yi tsaraba. A ra'ayina dai kada a kusantar da ita wuta. Fatarta kauri, namanta ba tsami, kuma ita ce ta fi saurin komawa gari-gari.

Gala ƙarama ce, ja mai ratsin ɗorawa, an samar da ita a Niyu Zilan a shekarun 1930. Zaƙi ne da ita mai sanyi, yara na son ta, ta dace da faten jarirai. Fuji ta Japan, wadda ta shiga kasuwa a 1962, ta fi ta girma da zaƙi da ruwa, tana daɗewa ba ta lalace ba, amma a gato tana jiƙa ƙullu. Pink Lady, wadda John Cripps ya haɗa a Ostireliya a 1973, ta haɗa zaƙi da tsami da tauri, tana yin baki tana yin tukunya, sai dai tsada.

Ɗan uwanmu na Liyon, kai da kake da zaɓi: in gashi ne, nemi Boskoop ko Reinette, in babu ka ɗauki Granny Smith. In na ci ne da yara, Gala ko Fuji. Shi ke nan, ka daina tsayuwa a kanti.

Yadda ake dubawa a kasuwa

Launi da sheƙi ba su faɗin gaskiya. Ɗauki tuffar a tafin hannu ka ji nauyinta, mai nauyi ita ce mai ruwa. Danna babban yatsa a hankali kusa da hancinta. In ta lotsa, ta tsufa. Ɗan ƙwanƙwasa ta da farce: sabuwa tana amsawa ƙwas, tsohuwa kuma sautinta a mace yake. Dubi fatar wajen hanci, in ta fara tattarewa ruwa ya fara gudu. Wadda fatarta ke maiƙo a hannu kamar an shafa mata mai, ta nuna ta wuce. In kilo biyu ko uku za ki saya don sana'a, Hajiya, sayi ƙwaya ɗaya tukuna ki yanka a wurin ki ɗanɗana. Asarar ƙwaya guda ta fi asarar gaton biki sauƙi.

Mai tabon bugu ba ta lalace ba, kuma sau da yawa ana rage mata kuɗi. A yanke tabon a dafa ta a ranar. Amma wadda ta yi ruɓa mai laushi launin ƙasa, ko ta yi furfura, ko tana warin ƙasa, a zubar. Wannan furfurar na haifar da guba da tafasa ba ta kashewa, kada a ce za a yi wa yara lemu ko fate da ita don kada a yi asara.

In mai zaƙi kaɗai aka samu

Wannan shi ne ya fi faruwa a nan, don ba kullum ake samun koriyar ba. Maganin yana garkunanmu na Abzin. Lemun tsami rabin ƙwaya a kan tuffa uku ko huɗu da aka yanka yana maido da tsamin da babu, yana taimaka wa yankan ya tsaya, kuma yana hana shi yin baƙi. A lokacin dari, sa'ad da lemun Timiya ya cika kasuwa, a goga ɓawon lemun zaƙi kaɗan a ƙullu, ƙamshin ya fi na kwalba. Ruwan tsamiya ma yana yi, cokali ɗaya ko biyu, sai dai yana duhunta launi. Ruwan zoɓo mai kauri kuma yana mai da dafaffiyar tuffa ja kamar an rina, yara na rububinta.

Sannan a rage sukari. Ga misali da gaton yawur da kowa ya sani: gwangwanin yawur 1, sukari gwangwani 2, fulawa 3, mai rabin gwangwani, ƙwai 3, lebir ƙunshi 1. In da Granny Smith za a yi, a bar sukarin yadda yake. In da Gala ko Fuji ne, gwangwani ɗaya da rabi ya isa, wasu ma ɗaya suke sa wa. A yanka tuffar sirara, a barbaɗa mata fulawa cokali ɗaya kafin a haɗa, don ta tsotse ruwan. Tuffa uku sun ishi wannan awon. Wanda ya samu iri biyu ya gauraya, biyu masu tsami ɗaya mai zaƙi, wannan ya fi kowanne shi kaɗai.

In kuma mai tsami ce a hannu sukari ya yi tsada, dabino na nan. Na Ingal mai laushi a dama shi kai tsaye, busasshe na Bilma a jiƙa shi tukuna a cire ƙwallon a daka. Abin da ba a yi shi ne sa kanwa don kashe tsami kamar yadda ake yi wa yakuwa. Za ta narkar da tuffar, ta ɓata launi da ɗanɗano.

Lokacin zuba sukari ma yana da tasiri. In ana son fate mai laushi, wanda masu Faransanci ke kira kwamfot, a dafa tuffar da ruwa rabin kofi a rufe, minti 15 zuwa 20, sai ta narke a sa sukari a ƙarshe. In ana son yanka ya tsaya, a fara tafasa ruwa da sukari, sannan a zuba tuffar a ciki. Kirfa ta fi kowane kayan ƙamshi dacewa da ita, citta kaɗan ma ba laifi, kanumfari kuwa ƙwaya ɗaya tak, in ya fi haka ya danne komai. Waɗanda suka zauna Tamanrasat sun san naman zaƙi na azumi da ƴan Aljeriya ke yi da busassun ƴaƴan itace. In za a sa masa tuffa, mai tauri ake nema, a yanka gida huɗu, a sa ta minti goma kafin a sauke.

Gashi ba tare da fur ba

Mai fur na gas ko na lantarki, digiri 180, minti 35 zuwa 45. Amma yawancinmu tukunya ce da rairayi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Mu da ke gasa tagalla cikin rairayi ba za a koya mana wannan ba. Abin lura kawai shi ne gaton tuffa ya fi gaton banza ruwa, saboda haka yana son wuta mai sanyi da lokaci mai tsawo, kuma garwashin sama ya fi na ƙasa yawa. Masu amfani da gawayin ƙasa irin na Anu Araran su tuna yana jinkirin kamawa, in ya kama kuma yana daɗewa da zafi. A bari ya kama sosai hayaƙi ya wuce kafin a ɗora, a ƙara kaurin rairayi, kuma a yi a tsakar gida inda iska ke wucewa. A soka wuƙa a tsakiya, a gefen yankan tuffa, in ta fito a bushe ya yi.

Tambayoyin lafiya da aka yi ta maimaitawa

Masu ciwon sukari da yawa sun ɗauka koriya mai tsami ba ta da sukari. Tana da shi, tsamin ne ke ɓoye shi, bambancinta da mai zaƙi ba shi da yawa. Tuffa matsakaiciya guda tana ɗauke da kwatankwacin ƙwayar sukarin shayi uku zuwa huɗu. Cin ta ɗanya da ɓawonta ya fi matse ta a sha, ya kuma fi gato nesa ba kusa ba. Adadin da ya dace da mutum, likitansa ne zai faɗa masa.

Jariri daga wata shida ana iya ba shi dafaffiyar tuffa da aka dama, ba sukari, ba zuma, don zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. Nan Gala da Golden suka fi, tun da zaƙinsu ya isa. Ɗanyen yanka mai tauri kuwa yana iya shaƙe ƙaramin yaro, a goga masa ko a dafa.

Sai bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, ana kankare fatar tuffa da wuƙa farin abu na fita, ana cewa guba ce. Tuffa da kanta tana yin kaki a fatarta don tsare ruwanta, wasu kamfanonin kuma in sun wanke ta sukan ƙara wani kakin da aka yarda a ci. A wanke da ruwa mai tsabta a murza da hannu, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya fere. Ƙwayoyin ciki a cire su kafin a niƙa, amma wanda ya haɗiye ɗaya ko biyu kada ya tsorata.

Ajiya a zafin Arlit

Daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, tuffar da aka bari a kan tebur kwana kaɗan take yi ta saki. Mai firigo ya sa ta cikin leda mai ƴan huji a aljihun ƙasa, ban da wurin ƙanƙara. Wanda ba shi da shi, a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi mai jiƙa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wani malami daga arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Aikinta irin na salka ne, kuma ta fi yi a inda iska ke a bushe, kamar nan. Ana jiƙa rairayin safe da yamma.

Tuffa tana fitar da wata iska da ke sa sauran kaya saurin nuna. Kada a haɗa ta da salati, karoti ko ayabar da ba a son ta nuna yau. In kuma kina da ɗanyen tumatir ko mangwaro da kike gaggawarsa, sa su a kwali guda da tuffa ɗaya ki rufe.

In ɗan uwa ya aiko da kwali guda daga Tamanrasat ya fi ƙarfin gida, a ware masu tabo a dafa su a ranar, masu zaƙi a ci su da wuri, masu tsami a bar su ƙarshe don sun fi daɗewa. Abin da ya rage a yanka sirara, a tsoma cikin ruwan lemun tsami, a shanya a kan tabarma mai tsabta a rufe da gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, kamar yadda ake kauɗar tumatir. Kwana biyu zuwa uku na ranarmu sun isa. A zuba a kwalba mai murfi, ranar da za a yi gato a jiƙa ta da ruwan ɗumi minti goma.